Wuse Kafin Zuwan Kwalta: Labarin Ƙananan Ƙauyukan Abuja

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa, wanda ke zuwa muku daga nan Wuse, a Babban Birnin Tarayya. Ina gai da 'yan kasuwar Wuse da ke haramar rufe rumfuna, da direbobin da ke lodi a Berger, da ma'aikatan da cunkoso ya riƙe a hanyar Nyanya da Mararaba ko ta Kubwa, da iyayenmu mata da ke jin mu daga madafa. Allah Ya ba kowa sa'ar abin da ya sa gaba.

Yau zancen ƙauye za mu yi. Wani zai ce, me ya haɗa Wuse da ƙauye, unguwar bankuna da otal-otal da manyan shaguna? To, ita Wuse ɗin ƙauye ce tun asali. Ba injiniya ne ya raɗa mata suna ba. Akwai mutanen da aka haifa a Wuse, suka yi noma a Wuse, suka binne iyayensu a Wuse, tun ba a kafa tubalin farko na wannan birni ba. Haka Garki, haka Maitama, haka Jabi da Utako da Mabushi da Durumi da Katampe. Duk sunayen ƙauyuka ne, birni ya zo ya tarar, ya ɗauki sunan ya ci gaba da amfani da shi.

Abin da nake so mu riƙe a cikin wannan shiri guda ɗaya ne. Ƙauyen da ba a san shi ba, wanda babu sunansa a takarda, shi ake yi wa kallon daji ranar da aka zo rabon ƙasa. Za mu ga yadda hakan ya faru a nan, mu leƙa wasu wurare da ya faru, sannan mu duba abin da ya rataya a wuyanmu, mu da muke zaune a kan kufan wasu.

(Kiɗa)

Mu fara da mutanen. Ƙabilu tara ake lissafawa a matsayin 'yan asalin wannan yanki: Gbagyi, da Gbari, da Gade, da Gwandara, da Koro, da Bassa, da Ganagana, da Igbira, da Amwamwa. Gbagyi da Gbari, waɗanda Bahaushe ke haɗawa ya kira Gwarawa, su suka fi yawa. Gwandara kuwa harshensu ɗan'uwan Hausa ne na jini, kuma tarihin da suke bayarwa da bakinsu yana mayar da asalinsu Kano. Akwai kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe a tsakaninsu, wasu fatauci ya kawo su, wasu kiwo, wasu malanta.

Alaƙar ƙasar Hausa da wannan yanki tsohuwa ce. Da jihadi ya ci Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa har Zuba. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, garin da ya ɗauki sunansa, Abuja, wanda a yau muke kira Suleja. Ƙauyuka da dama na wannan yanki a ƙarƙashin masarautar suka zauna, wasu kuma na gabas suna bin Keffi da Nasarawa. Kuma kada mu ɓoye wa kanmu, alaƙar ba duka zuma ba ce. A ƙarni na 19 ƙasar Gwari ta sha hare-haren neman bayi daga arewa, kuma sunan Nagwamatse da zuriyarsa na Kwantagora bai ɓace daga bakin tsofaffi ba. Shi ya sa ƙauyuka da yawa suka maƙale a kan duwatsu, sai da ƙura ta lafa a zamanin Turawa suka sauko fili kusa da gonakinsu.

Yaya irin wannan ƙauye yake? Ɗakunan ƙasa ne masu jinka, an kewaye tsakar gida, rumbuna a tsaye kamar yadda ake yi a ko'ina a karkara. Damina tana sauka da wuri a nan, tun wajejen Afrilu, ta kai har Oktoba, wato ana shuka a ƙasar Gbagyi manomin Kano da Katsina bai ko gama sharar gona ba. Doya ce uwar amfanin gona, sai dawa da maiwa da masara da gyaɗa da riɗi. Ita kuwa doya ba ta son tsohuwar gona. Manomi zai yi tulinsa a sabon wuri, bayan ya haƙe ya sa hatsi, daga nan ya bar gonar ta huta shekaru kafin ya dawo mata. Ku riƙe wannan, domin yana da muhimmanci a labarinmu. Baƙon da ya zo ya ga ciyawa da itatuwa sun rufe fili zai ce daji ne. Ɗan gari kuwa ya san gonar wane ce, ya san shekarar da aka bar ta, ya san ɗorawar da ke tsakiyarta ta gidan wa ce.

Matan Gbagyi kowa ya san su da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Su ke kawo itace da doya kasuwa, su ke gina tukwane, su ke sarrafa kaɗanya da kalwa. Har gobe in ka bi hanyar Bwari ko Kuje ko Kwali da sassafe za ka gan su.

To ga inda bambanci ya shigo. Masarautar Abuja ta samu marubuta. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihinta da al'adunta da Hausa, aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a 1952. Sarakuna sun shiga littafi, yaƙe-yaƙensu sun shiga littafi. Amma ɗan ƙaramin ƙauye mai gida ashirin ko talatin, tarihinsa a kan tsofaffinsa yake, iyakar gonakinsa kuma dutse ne da rafi da bishiya. Babu takarda.

(Kiɗa)

Masu sauraro, yanzu mu zo kan yadda birni ya iso. A watan Agusta na 1975, gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Legas ta cika ta batse, ga ta a gefe ɗaya na ƙasa, ga ta kuma tana riƙe da gwamnati biyu, ta jiha da ta tarayya. Kwamiti ya ba da shawarar a koma tsakiya. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da ƙasa, aka kafa Doka ta 6 ta wannan shekara, aka yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na lokacin. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe shi. Allah Ya jiƙansa.

Hujjar zaɓen wurin mai kyau ce: tsakiyar ƙasa, ga ruwa, ga fili, kuma ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar nan. Sai dai an gina shirin a kan zaton cewa mazauna wurin 'yan kaɗan ne. Saboda haka manufar farko ita ce a kwashe kowa da kowa, a kai su wajen yankin, gwamnati ta ɗauki nauyi, a bar ƙasa wayam a gina sabon birnin da babu mai cewa nasa ne.

Da aka tura masana daga Jami'ar Ibadan ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka bi ƙasar suka ƙidaya, sai lissafi ya canza. Aka tarar da garuruwa da ƙauyuka sama da 800, da mutane fiye da dubu ɗari. Kuɗin kwashe su da biyan su diyya ya fi ƙarfin abin da aka tanada. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya manufa: waɗanda ƙauyukansu suka faɗa inda za a gina birnin su za a tasa, saura su zauna a matsayin mazauna yankin tarayya, wanda kuma ya zaɓi komawa jiharsa ta asali a taimaka masa.

Ku lura da jerin abubuwan. An yanke shawara tukuna, sannan aka ƙidaya mutane. Ba mugunta ce ta jawo haka ba, rashin sani ne. Mai zana taswira a Legas yana ganin Dutsen Zuma da Dutsen Aso da kogin Gurara da Usuma, amma ba ya ganin ƙauye mai rumbu hamsin, domin babu wanda ya taɓa rubuta masa shi.

Aka ci gaba da aiki. Aka kammala babban tsarin birnin a 1979, wani gwanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyar birnin, tsohon garin Abuja ya bar wa sabon birni sunansa ya koma Suleja. Ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Babangida ya tare, Abuja ta zama fadar gwamnati.

(Kiɗa)

Ina mutanen Wuse suka tafi? In ka fita daga Abuja ka wuce Zuba ka kama hanyar Kaduna, za ka iske gari a jihar Neja ana ce da shi Sabon Wuse, hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa. Can aka kai su. Mu da muke bin hanyar nan zuwa Kaduna da Zariya da Kano, sau nawa muka wuce allon garin ba mu tambayi kanmu ina tsohuwar take ba? Tsohuwar ita ce wannan da muke ciki. Haka za ka ji Sabon Karu da Sabon Nyanya da Sabon Karshi a ɓangaren jihar Nasarawa. Mutanen Maitama da Kukwaba kuwa Kubwa aka kai su, kuma unguwanninsu na can suna ɗauke da sunayen ƙauyukan da suka baro.

Manufar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 1992 aka ce a gwada barin ƙauye a inda yake a saka shi cikin tsarin birni, aka gwada da ƙauyen Garki, shi ya sa har yanzu yake nan da fadar basarakensa, Sa'peyi. A 1999 aka koma batun kwashewa, aka gina gidaje a Jibi, amma daga baya jami'an tsaro ne suka tare a ciki. Bayan 2003 aka sake sabon shiri a Apo da Wasa da Galuwyi-Shere. Yaron da aka haifa a Jabi ko Utako a shekarar da aka kafa Abuja, yau ya yi furfura, kuma tun yana goye ake ce wa gidansu za a tashe su. Wanda aka ce masa gobe za ka tashi ba ya gina ɗaki mai kyau, hukuma ma ba ta kawo masa magudanar ruwa. Shi ya sa za ka ga katafaren bene, a bayansa kuma lungu da kwata.

Me ake biya idan an tashi ƙauye? Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya ce dukkan ƙasar Babban Birnin Tarayya mallakar gwamnatin tarayya ce. Don haka ba a biyan kuɗin ƙasa. Abin da ake ƙiyastawa shi ne abin da ke kanta: ɗaki, da amfanin gona, da itatuwa masu amfani irin su mangwaro da kashu da ɗorawa da kaɗanya. Gonar da aka bari ta huta, wadda ita ce ajiyar manomin doya, in an zo ba a ga shuka a kanta ba, ba ta da farashi. Maƙabarta ba ta da farashi. Rafin da ake kamun kifi da ramin da mata ke haƙar yumɓu ba su da farashi. Ana iya ba mutum ɗaki mai rufin kwano a sabon wuri, amma tashin manomi kamar dashen tsohuwar bishiya ne, ko an ba ta ruwa sai ta daɗe tana jinya. Da yawa daga 'ya'yan manoman nan sun koma masu gadi da leburori da 'yan acaɓa a bakin filayen da kakanninsu suka nome.

(Kiɗa)

Kada shirin ya zama na kuka kaɗai, mu je ƙauyen da ya zauna a inda yake har duniya ta san shi. Ushafa ke nan, a ƙaramar hukumar Bwari, in ka wuce Dutsen Alhaji ka nufi Bwari. Abu biyu ne suka ɗaga Ushafa: ruwa da yumɓu.

A gefenta aka datse kogin Usuma a shekarun 1980, kuma daga wannan madatsa ake tace ruwan da ke zuwa famfunan Wuse da Garki da Maitama da Asokoro. Da birni ya ƙaru ruwan ya kasa, sai aka jawo ƙari ta bututu mai tsawon kusan kilomita 75 daga madatsar Gurara a jihar Kaduna. Kafin a tara ruwan sai da aka tashi ƙauyukan da ke cikin kwarin. Saboda haka, Hajiya, in kin buɗe famfo a Wuse Zone 4 kin cika tukunya, ruwan nan ta kan gonakin wasu ya kwanta kafin ya iso gare ki.

Sai yumɓu. Maginiyar Gbagyi ba ta amfani da injin juyi. Tana murza yumɓu ta yi shi igiya-igiya, tana ɗorawa tana zagaya tukunyar da ƙafarta, tana shafewa, har randa ta tashi daidai wa daida. Ta zana mata ado tun tana ɗanya, ta bari ta sha iska, a tara a rufe da itace da ciyawa a gasa a fili, a yayyafa mata makuba tana da zafi don ta yi ƙarfi da sheƙi. Wannan sana'a ce ta fitar da Ladi Kwali, 'yar ƙauyen Kwali. Ta koya a wurin gwaggonta, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya sayi tukwanenta ya ajiye a fada, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, ta zama mace ta farko a ciki. Tulunanta masu zanen ƙadangare da kada da kunama da kifi sun je Landan da Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin, kuma akwai titi mai sunanta a nan Wuse.

A Ushafa, shirin kyautata rayuwar matan karkara na Hajiya Maryam Babangida ya kafa cibiyar ginin tukwane a farkon shekarun 1990. A watan Agusta na 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya je ƙauyen da 'yarsa Chelsea, aka sa masa babbar riga, aka ba shi sarautar Ɗanmasanin Ushafa. Daga ranar sunan Ushafa ya shiga jaridun duniya. Yau ta zama gari, ma'aikatan da haya ta kora daga cikin birni sun cika ta. Zuwan baƙo bai kawar da talauci ba, matan cibiyar suna nan suna fama da tsadar itace da ƙarancin masu saye. Amma wane ne zai tashi yau ya ce Ushafa daji ce? Saninta da aka yi ya zame mata katanga. Ƙauyuka nawa ne a Kuje da Kwali da Abaji da Gwagwalada masu irin wannan baiwa, waɗanda ko mu da ke zaune a Abuja ba mu taɓa jin sunansu ba?

(Kiɗa)

Wannan lamari ba a Abuja kaɗai ya faru ba. Da aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa na bakin kogin Kwara, aka tashi mutane sama da 40,000, aka gina Sabon Bussa.

Mu kuma tsallaka teku zuwa Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan alhazai, waɗanda mahajjatanmu ke haɗuwa da su a Makka da Madina. A kudancin tsibirin Borneo akwai al'ummar Banjar, Musulmi ne, mutanen kogi. Ƙasarsu zafi da ruwan sama da fadama, ƙauyukansu a jere a bakin kogunan Barito da Martapura, gidajen katako a kan turaku, shinkafa a fadama, kwalekwale a ƙofar gida. A ƙauyen Lok Baintan kasuwa a kan ruwa take ci, mata ne ke tuƙo kwalekwale da asuba cike da ayaba da lemo da kayan miya. Babban malaminsu, Shehu Muhammad Arshad al-Banjari, wanda ya rasu a 1812, wato zamani ɗaya da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi shekaru yana karatu a Makka, da ya dawo ya kafa makarantarsa a wani ɗan ƙauye kusa da Martapura mai suna Dalam Pagar. Ilimi ya sa aka san wannan ƙauye, kasuwa ta sa aka san Lok Baintan, amma ɗaruruwan ƙauyukan Banjar babu wanda ya san su sai masu su.

Me ya kawo su cikin shirinmu? A 2019 shugaba Joko Widodo ya sanar cewa za a ɗauke babban birnin ƙasar daga Jakarta, wadda ta cika kuma take nutsewa, zuwa gabashin wannan tsibiri na Borneo, lardin da ke maƙwabtaka da ƙasar Banjar. A 2022 aka yi doka, aka raɗa wa birnin suna Nusantara. Hujjojin irin namu ne: cunkoso, da neman tsakiyar ƙasa, da yalwar fili. A wurin kuwa akwai ƙananan al'ummu irin su Balik da Paser, akasarinsu ba su da takardar mallakar gonakin da suka gada, kuma koken da suke yi yau shi ne wanda dattawan Gbagyi suka yi shekaru hamsin da suka wuce. Harshe daban, abinci daban, amma matsalar ɗaya ce.

(Kiɗa)

To, masu sauraro, me ya rage namu? Ba cewa muke a rushe Abuja a mayar da gonakin doya ba. Birnin ya zama na kowa, kuma ya amfani ƙasa. Amma akwai abubuwan da ke hannunmu.

Na farko, ladabin zama. Mun saba jin ana cewa Abuja ba ta kowa ba ce. A doka, ma'anarta kowane ɗan Nijeriya yana da haƙƙin zama. Amma in ka faɗa wa dattijon da aka haifi kakansa a Garki haka, ka soke shi a inda ya fi ciwo. Shi ba shi da wata jihar da zai koma da salla ko kirsimeti. Ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Sai da aka kai ga kotun ɗaukaka ƙara, ta yi hukunci a 2018 cewa 'yan asalin yankin sun cancanci kujerar minista, kuma sai a 2023 aka naɗa na farko, Zephaniah Jisalo. Barkwancin da ke tsakanin Bahaushe da Bagwari tsoho ne, amma wasa daban, raini daban. Matar da ta kawo miki doya a kafaɗa, ki kira ta Mama, ki yi ciniki na mutunci.

Na biyu, gargaɗi ga masu sayen fili. 'Yan'uwanmu da yawa sun zo neman abinci, haya ta gagare su, sai su je ƙauye su sayi fili a hannun mai unguwa ko wani ɗan gari, a rubuta musu 'yar takarda. Ku sani, a Babban Birnin Tarayya minista ne kaɗai doka ta ba ikon ba da fili. Takardar mai unguwa ba ta tsayar da katafila. Waɗanda suka ga rusau na Karmo da Idu da Chika a tsakiyar shekarun 2000 za su ba ku labari: ɗan asali a yi masa alkawarin matsuguni, baƙo kuwa ya kwashe kwanonsa ya kama gabansa. Kafin ka ba da kuɗinka, je ofishin AGIS mai riƙe da bayanan filaye ka bincika matsayin filin. Ku ma iyayenmu masu unguwanni, ku ji tsoron Allah, kada ku sayar wa talaka abin da kuka san ba zai tsaya ba.

Na uku, ƙuri'a. Makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar burtsatse na ƙauye suna hannun ƙananan hukumomi shida ne: Birni da Kewaye, wato AMAC, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. Wuse mazaɓa ce a cikin AMAC, daidai da Karshi da Kabusa da Gui da Jiwa. Amma ranar zaɓen ƙananan hukumomi sai ka ga rumfunan zaɓe na cikin birni fayau, domin 'ya'yan masu hali ba sa zuwa makarantar gwamnati. A 2025 malaman firamare na yankin nan sun yi yajin aiki sama da wata uku. Ɗan Wuse II bai ji a jikinsa ba, ɗan ƙauyen Kwali ya rasa zangon karatu sukutum. Ga kuma masu garkuwa da mutane da suka addabi ƙauyukan Bwari da Kuje da Abaji. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na huɗu, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi daɗewa, rubutu. Wannan kira ne ga ɗalibai da malaman makaranta da masu yi wa ƙasa hidima, har da kai da ka baro ƙauyenku a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto, tana nuna wuri a taswira. Zauna da tsofaffin garinku. Tambaye su wa ya kafa garin, daga ina aka zo, su wa suka yi sarauta, ina iyakar gonaki, ina burtali, ina maƙabarta, ina tsohuwar rijiya. Rubuta da Hausa ko da Gbagyi ko da duk harshen da ka iya. Ajiye kwafi a makarantar garin, kwafi a fadar dagaci, ka sa sunan garin a intanet. Hanyar jirgin ƙasa da madatsar ruwa da rukunin gidaje ba su gama zuwa ba, kuma ranar da masu awo suka iso, garin da ke da rubutaccen tarihi da taswirar gonakinsa ba a yi masa ciniki ɗaya da wanda ba shi da su.

Muna so ku aiko mana da sunan ƙauyenku, da ƙaramar hukumar da yake, da abu ɗaya da aka san shi da shi, ko sana'a ce, ko amfanin gona, ko malami, ko kasuwa. Za mu riƙa karantowa a farkon kowane shiri, kuma za mu fara da na cikin ƙananan hukumomin nan shida.

A nan za mu dakata. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran abokan aiki, nake cewa Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba manomanmu damina mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Taken rufewa)